Shin in ɗauki ilimin halayyar ɗan Adam a shekarun ƙarshe na sakandare?

Tambaya: Malama, an raba mana takardar zaɓen darussan da za mu yi a shekaru biyu na ƙarshe na sakandare, kuma ilimin halayyar ɗan Adam yana ciki. Raina yana so, domin ina son fahimtar mutane, ƙawayena ma ni suke kawo wa damuwarsu. Sai dai wasu na cewa darasin masu neman sauƙi ne, wasu kuma sun ce hadda ce zalla. Lissafi ba ya yi mini daɗi, mahaifiyata kuma tana tsoron kada ya juya mini tunani. Me ake karantawa a cikinsa? Kuma shi ne hanyar zama mai duba masu taɓin hankali?

Amsa: 'Yata, kin kyauta da kika yi tambaya kafin ki cike takardar. Ɗalibai da yawa sai sun yi wata guda a aji sannan suke gane cewa abin da suka zaɓa daban yake da abin da suka zata. Shawarata dai ki ɗauka. Amma ina so ki shiga da idonki a buɗe, domin abin da ya ja ki zuwa gare shi da abin da zai ba ki ba su zama ɗaya ba.

Kusan duk wanda ya shigo ajin nan cewa yake yana son fahimtar mutane. Wasu ma suna zaton za a koya musu karanta zuciyar mutum daga fuskarsa ko daga yadda ya zauna. Babu wannan a ciki. Abin da za a koya miki shi ne yadda ake ɗaukar magana a kan ɗan Adam a gwada ta, a ga ko ta tsaya da ƙafarta. Kowa yana da ra'ayi a kan mutane. Wani zai ce wanda ya ga abu da idonsa ba ya kuskure. Wani zai ce mutumin kirki ba zai cuci wanda bai yi masa komai ba don kawai an umarce shi. Darasin nan zai sa ki tambayi kowace irin wannan magana: ta yaya aka sani? Su wa aka gwada? Mutum nawa ne? Da wa aka kwatanta su? Idan waɗannan tambayoyin suka zama miki jiki, kin sami abin da aka buɗe ajin dominsa.

Tunani a kan zuciya da hankali tsohon abu ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauko wa mutum haka siddan. Amma fannin da za ki karanta ana ƙirga haihuwarsa daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta Jamus, inda ake auna abubuwa kamar tsawon lokacin da ke tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Awo shi ne sabon abin da ya shigo, kuma har gobe shi ne ƙashin bayan fannin.

Manhaja tana bambanta daga tsari zuwa tsari, ko A-level na Ingila ne, ko AP na Amurka, ko IB da makarantun ƙasa da ƙasa ke bi. Ginshiƙan dai kusan ɗaya ne: yadda ake tunawa da mantuwa, tasirin jama'a a kan mutum, shaƙuwar jariri da mai rainonsa, aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, larurorin tunani irin su ciwon damuwa da waswasi da tsoron da ya wuce kima, sai kuma dabarun bincike waɗanda suke ratsa dukkansu. Bari in nuna miki yadda abin yake a aikace, domin jerin kanun darussa ba zai ɗanɗana miki komai ba.

Muna cewa gani ya kori ji. A shekarar 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 gajerun finafinan haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Tambayar iri ɗaya ce, kalma ɗaya tak aka riƙa sauyawa. Waɗanda aka ce wa "lokacin da motocin suka ragargaji juna" sun ƙiyasta kusan mil 41 a sa'a. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" sun ce kusan mil 32. Ido ɗaya, fim ɗaya, amsa ta bambanta. Masu binciken ba su tsaya nan ba, domin wani zai iya cewa ɗaliban sun bi lafazin mai tambaya ne kawai, abin da ke kansu bai canza ba. Sai suka sake gwaji da mutum 150, suka dawo da su bayan mako guda, suka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da aka ce wa motocin sun bugi juna, 7 ne suka ce haka. Ashe ƙwaƙwalwa ba kyamara ba ce da take ajiye hoto yadda aka ɗauka. Duk sanda aka tuna abu sake gina shi ake yi, kuma abin da aka ji daga baya yana iya cuɗewa a ciki. Ki duba nauyin wannan ga ɗan sandan da yake yi wa shaida tambaya, da alƙalin da zai yanke hukunci da shaidar.

To a nan ne aikinki na ɗaliba yake farawa. Malami ba zai bar ki da mamaki ba, zai ce: ina raunin binciken? Sai ki ce, ɗaliban jami'a ne duka, wasunsu wataƙila ba su saba tuƙi ba. Sai ki ce, kallon fim a aji daban yake da ganin haɗari a gabanka, gabanka yana faɗuwa. Sai ki nemo wani binciken da aka yi da shaidun gaske ki ga ko sakamakon ya zo ɗaya. Wannan saƙa da warwarar ita ce darasin.

Bincike na biyu shi ne na Stanley Milgram a Jami'ar Yale, wanda aka buga a 1963. Ya gayyato maza 40 ta hanyar talla, aka ce musu bincike ne a kan koyo. Kowannensu aka zaunar da shi gaban na'urar ba da shokin lantarki mai maɓallai daga ƙarfin bolt 15 har zuwa bolt 450, aka ce duk sanda "ɗalibin" da ke ɗakin gefe ya yi kuskure ya ba shi shokin, yana ƙara ƙarfi mataki-mataki. Ɗalibin ɗan wasa ne, babu wutar da ke taɓa shi, amma mai danna maɓallin bai sani ba. Idan ya yi turjiya, wani mutum sanye da rigar ma'aikatan ɗakin gwaji sai ya ce masa ya ci gaba. Mutum 26 cikin 40, wato kashi 65 cikin 100, sun kai har maɓallin ƙarshe, da yawansu suna gumi suna rawar jiki. Yawancin mutane a nan suke tsayawa su ce ɗan Adam mugu ne. Ɗalibin da ya karanta da kyau ya san cewa Milgram ya sake gwajin sau da yawa yana sauya yanayi. Da aka mai da shi wani tsohon ofis a garin Bridgeport, nesa da kwarjinin jami'a, biyayyar ta sauka zuwa kusan kashi 48. Da mai umarnin ya fita yana magana ta tarho, ta koma kusan kashi 20. Da aka sa wasu mutum biyu kusa da mai danna maɓallin suka ƙi ci gaba, kashi 10 kacal suka kai ƙarshe. Ni a wurina wannan ne zuciyar binciken: yanayin da mutum ya tsinci kansa yana da ƙarfin da ba mu cika lura da shi ba, kuma ganin wani ya ce a'a yana ba mai rauni ƙarfin cewa a'a.

Shi ma wannan ba a bar shi ba. Waɗanda suka saurari kaset-kaset ɗin gwajin daga baya sun gano cewa wasu mahalarta sun yi shakkar ko wutar ta gaske ce, kuma mai umarnin yakan matsa fiye da abin da aka rubuta. Ga kuma babbar tambaya: ya halatta a jefa mutane cikin irin wannan tashin hankali da sunan bincike? Irin waɗannan gwaje-gwajen suna cikin abin da ya sa aka tsaurara ƙa'idoji. A yau dole a nemi yardar mutum bayan an yi masa bayani, a ba shi damar janyewa duk sanda ya so, a ɓoye sunansa, a kuma warware masa komai bayan an gama. Ko ɗan ƙaramin gwajin da za ku yi a aji sai kun bi su.

Yanzu maganar hadda. Akwai ta, kuma tana da yawa: sunaye, shekaru, adadin mahalarta, sakamako. Amma a tambayoyin dogon rubutu, kawo bayanin bincike yana ɗaukar kaso ne kawai na maki. Kaso mafi tsoka yana wurin tantancewa, wato ki nuna ƙarfinsa da rauninsa, ki kawo hujjar da ta goyi bayansa da wadda ta saɓa masa, ki kuma ɗora shi a kan wani sabon yanayi da aka ba ki a takarda. Na sha ganin ɗalibin da ya haddace littafi tas ya fito da matsakaicin sakamako, saboda ya zuba duk abin da ya sani bai amsa abin da aka tambaye shi ba. Masu cewa darasin masu neman sauƙi ne kuwa, galibi ba su taɓa riƙe takardar jarrabawarsa ba. Shigarsa ce take da sauƙi, domin zancen mutane ake yi kuma kowa yana jin ya san mutane. Cin babban maki a cikinsa yana buƙatar iya rubutu da iya kimiyya a lokaci guda, kuma ba kowa ne ya haɗa biyun ba.

Akwai abin da nake so ki sani tun kafin littafi ya gaya miki, domin ba kowane littafi ne yake faɗa ba. Fannin nan yana cikin gyaran kansa. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta buga sakamakon sake gwada bincike 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallu. Kusan dukkansu a karon farko sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka maimaita, kimanin kashi 36 cikin 100 ne suka sake ba da irin wannan sakamakon. Shahararren gwajin kurkukun Stanford na Philip Zimbardo a 1971, inda aka raba ɗalibai gida biyu, masu gadi da fursunoni, a kurkukun wasa, wanda aka shirya yi na mako biyu aka tsayar bayan kwana 6, shi ma takardun ajiyarsa sun nuna an zuga masu gadin su yi tsanani, alhali an daɗe ana koyar da cewa rigar aiki ce kawai ta sauya su. Wasu suna jin haka sai su ce ashe fannin banza ne. Ni kuwa ina ganin babu lokacin da ya fi dacewa a karanta shi kamar yanzu, domin kina ganin ilimi yana kama kuskurensa da hannunsa, kina kuma koyon dabarun da aka kama shi da su.

Rauni na biyu ya fi damuna, kuma ɗaliba mai ido za ta ci maki da shi. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a wani nazari na 2008, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Amma sai a rubuta "ɗan Adam yana yin kaza". Ki ɗauki gwajin Mary Ainsworth na auna shaƙuwar jariri da uwarsa, inda uwa take fita ta bar yaro ɗan lokaci a baƙon ɗaki, a lura da yadda zai karɓe ta idan ta dawo. An tsara shi a Amurka, bisa zaton cewa ɗan rabuwar ƙaramin tashin hankali ne. Da aka kai shi Japan, inda ba a cika raba jariri da uwarsa ba, yara da yawa suka ruɗe ƙwarai. Da aka kai shi arewacin Jamus, inda ake son yaro ya dogara da kansa da wuri, da yawa suka nuna kamar ba su damu ba. Shin yaran ne ke da matsala, ko ma'aunin ne bai dace da su ba? Ita kanta Ainsworth a Yuganda ta fara lura da iyaye mata da jariransu, a tsakiyar shekarun 1950, kafin ta je Baltimore ta Amurka inda ta tsara gwajin. Duk binciken da aka ɗora miki a gaba, ki tambayi a kan su wa aka yi shi.

Batun lissafi ba zan ɓoye miki ba. A tsarin Ingila ana lissafa darasin cikin na kimiyya, aƙalla kashi 10 cikin 100 na maki na lissafi ne, dabarun bincike kuma suna ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Sai dai ba irin lissafin da yake firgita mutane ba ne. Matsakaici ne, da kaso cikin ɗari, da karanta jadawali da zane, da sanin yadda lambobi suka bazu. Abu mafi nauyi shi ne gwajin ƙididdiga, shi ma tunaninsa a fili yake: da a ce babu wani bambanci na gaskiya tsakanin rukuni biyu, sau nawa dace kaɗai zai fitar da tazara mai girman wadda muka gani? Idan bai kai sau 5 cikin 100 ba, sai a ce sakamakon ya cancanci a kula da shi. Na lura ɗaliban da suka ƙi lissafi a baya sukan sasanta da shi a nan, saboda kowace lamba tana da mutum a bayanta. Za ki kuma koyi abin da manya da yawa ba su iya ba: abu biyu su riƙa tafiya tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Idan aka ce matasan da suka fi daɗewa a kan waya sun fi damuwa, wayar ce ta kawo damuwar, ko damuwar ce ta tura su ga wayar, ko kuwa rashin barci ne yake bayan duka biyun?

Akwai bayoloji ma, fiye da yadda ake zato: ƙwayoyin jijiya, sinadaran da suke isar da saƙo tsakaninsu, sassan ƙwaƙwalwa. Za ki haɗu da labarin Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Daga nan bai ƙara iya riƙe sabon abin da ya faru da shi ba. Amma da Brenda Milner ta riƙa sa shi bin zanen tauraro yana kallon madubi, hannunsa ya riƙa ƙwarewa kullum, alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba. Daga mutum ɗaya aka gane cewa tuna abin da ya faru da ƙwarewar hannu ba wuri ɗaya suke zaune ba.

Ribar da za ki fara gani kuwa a sauran darussanki za ta bayyana. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun kwatanta masu maimaita karatu da masu rufe takarda su gwada tunowa. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu gwada kansu sun wuce su. Wani babban nazari na 2013 da ya auna dabarun karatu 10 ya sa gwada kai da rarraba bita a kan kwanaki a sama, ya sa ja layi da alƙalami mai launi da sake karantawa a ƙasa. Ki fara aiki da wannan tun daren yau, ko kin ɗauki darasin ko ba ki ɗauka ba.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, maganar ƙawayenki. Kasancewar suna kawo miki damuwarsu alama ce ta kina da kunnen sauraro da riƙon amana, kuma wannan baiwa ce. Amma shekara biyu a aji ba za su mai da ke mai magani ba. Idan aka zo babin larurorin tunani, kusan kowane ɗalibi yakan ga kansa a cikin jerin alamomi, ya ga ƙaninsa, ya ga maƙwabcinsa. Ki kiyayi wannan. Kowa yana baƙin ciki, kowa yana fargaba, kowa yakan koma ya duba ko ya kulle ƙofa. Kafin a ce mutum yana da ciwon damuwa, kundin da likitocin Amurka ke aiki da shi yana neman alamomi aƙalla 5 cikin 9, su ɗauki mako biyu ko fiye, su kuma ƙuntata wa mutum ko su hana shi tafiyar da rayuwarsa, kuma ƙwararre ne yake tantancewa bayan ya kawar da wasu cututtukan jiki masu kama da haka. Laƙaba wa ƙawa sunan cuta daga littafin aji yana iya yi mata illa ta gaske. Ki saurare ta, ki zauna da ita, kada ki yanke mata hukunci. Idan kuma wata ta ambaci cutar da kanta ko ta ce ta gaji da rayuwa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne. Ki gaya wa babba mai hankali a ranar, ko da za ta yi fushi da ke. Haka nan idan wani babi ya taɓo miki tabon da ke zuciyarki, ki sanar da malaminku tun da wuri.

Tsoron mahaifiyarki kuma kada ki raina shi, ƙauna ce ta kawo shi. Galibi abin da iyaye suka ji labari shi ne Sigmund Freud, wani shahararren likitan ƙasar Ostiriya, da maganganunsa a kan sha'awa da ƙuruciya. Freud ƙaramin yanki ne na manhaja, kuma ana karanta shi tare da sukar da aka yi masa, musamman cewa da yawa daga ra'ayoyinsa ba su gwaduwa balle a tabbatar ko a ƙaryata. Darasin yana auna ɗabi'a da tunani da aikin ƙwaƙwalwa ne. Abin da ya shafi rai da ma'anar rayuwa ya fi ƙarfin ma'auninsa, kuma malamin kirki ba zai yi da'awar ya kai can ba. Ki kai mata littafin ku buɗe tare, ki karanta mata babin shaƙuwar jariri. Ita da ta yi raino za ta sami abin cewa a kai.

Saura tambayarki ta ƙarshe, kuma a nan ne ake yawan yin kuskuren da yake cin shekaru. Hanyoyi biyu ne. Likitan ƙwaƙwalwa, wanda yake rubuta magani yana kwantar da marar lafiya a asibiti, cikakken likita ne: sai ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan ɓangare. Idan can kika nufa, bayoloji da kemistiri ne makullanki, sau da yawa tare da fiziks ko lissafi, kuma ilimin halayyar ɗan Adam ba zai maye gurbin ko ɗaya ba. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa, wanda yake tantancewa da magani ta hanyar tattaunawa, yana yin digirin farko a fannin, sannan karatun gaba da digiri da horo ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A Ingila, misali, shekara 3 ne na digirin farko, galibi sai an yi aiki an sami gogewa, sannan wasu shekara 3 na digirin ƙwarewa, kuma gurbin yana da wuyar samu. Digirin farko shi kaɗai ba ya ba mutum izinin duba marasa lafiya. Abin da zai ba ki mamaki shi ne jami'o'i da yawa ba sa sharɗanta cewa sai kin yi darasin a sakandare kafin su ɗauke ki karatunsa. Abin da suka fi dubawa shi ne kina da wani darasin kimiyya ko lissafi mai kyau. Saboda haka kada ki yar da bayoloji ko lissafi don ki samar masa gurbi. Ki haɗa su. Yawancin waɗanda suka karanta shi ma ba asibiti suke ƙarewa ba: suna koyarwa, suna aikin jinya, suna kula da ma'aikata, suna aikin jin daɗin jama'a, wasu suna binciken kasuwa ko aikin shari'a.

Kafin ki miƙa takardar, ki nemi tsohuwar takardar jarrabawa ta tsarin da makarantarku take bi, tare da jagoran ba da maki idan akwai. Ki tsallake tambayoyin da suka burge ki, ki nufi na dabarun bincike da na dogon rubutu, ki zauna da su rabin sa'a. Ba a sa ran ki iya amsawa. Ki lura dai ko suna sa ki son sanin amsar ko kuwa suna sa ki hamma. Ki duba sharuɗɗan shiga na jami'o'i biyu ko uku da kike sha'awa, daga shafinsu na intanet, kada ki dogara da abin da aka ce an ce. Sannan ki je wurin malamin da zai koyar da ku ki tambaye shi ko ɗalibai suna tsara ƙananan gwaje-gwaje da kansu su tattara sakamako, da kuma sau nawa yake karɓar dogon rubutu ya gyara ya mayar.